A Fito da Laccar Shari'a Daga Zaure Zuwa Makarantunmu

Duk wanda ya saba bin hanyar Kano zuwa Tudun Wada ya san Bagauda, a Ƙaramar Hukumar Bebeji. A nan ne reshen Kano na Makarantar Horar da Lauyoyi ta Nijeriya yake, inda masu digirin shari'a kan yi shekara guda kafin a ba su izinin tsayawa gaban alƙali. Malamai na gabatar da laccoci, ana tafka muhawara. Haka abin yake a Tsangayar Shari'a ta Jami'ar Bayero. To, amma nawa ne daga cikin wannan ilmi ke isa kunnen manomin Ƙafin Maiyaki, wanda ke maƙwabtaka da Bagauda?

A ganina kaɗan ne ƙwarai, domin da Turanci ake laccocin, cikin zaure, lauya na yi wa lauya jawabi.

Mu ɗauki batun ƙasa, wanda shi ne ya fi ci wa mutanenmu tuwo a ƙwarya. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta damƙa dukkan ƙasar jiha amana a hannun gwamna. Abin da manomi ya mallaka, a idon wannan doka, shi ne haƙƙin zama da amfani da gonarsa. A karkara ƙaramar hukuma ce ke ba da wannan haƙƙi, har zuwa hekta 500 don noma, ko 5,000 don kiwo. Gwamna na da ikon karɓe fili saboda amfanin jama'a, amma wajibi ne a ba mai shi sanarwa, a kuma biya shi diyyar abin da ya kafa a kai, wato gini da amfanin gona da makamantansu. Ita kanta ƙasar ba a biyan kuɗinta. Yankin da ya ga yadda aka tashi ƙauyuka lokacin gina madatsar ruwa ta Tiga, tsakanin 1971 da 1974, ba ya bukatar a gaya masa nauyin wannan magana.

Can kuma Riruwai, a Doguwa, inda aka daɗe ana haƙar kuza, Tsarin Mulki na 1999 ya ce ma'adinai na Gwamnatin Tarayya ne ko da a gonar wa suka fito. Sai dai Dokar Ma'adinai ta 2007 ta wajabta wa mai lasisin haƙa ya ƙulla yarjejeniyar raya al'umma da mutanen wurin kafin ya soma aiki. Wanda bai san da wannan sharaɗi ba, yaya zai neme shi?

Har ila yau, Sashe na 35 na Tsarin Mulki ya ce a gabatar da wanda aka kama gaban kotu cikin kwana ɗaya idan akwai kotu a tazarar kilomita 40. Ɗan aji huɗu zai haddace wannan a zama guda.

Wasu za su ce Hausa ba ta da kalmomin da za su ɗauki irin wannan bayani. Ban yarda ba. Harshen da ya yi ɗaruruwan shekaru yana karantar da fiƙihu a zaure, yana da jingina da aro da gado da rantsuwa da ɗaukaka ƙara, ba zai gaza ba. Abin tsoro na gaskiya shi ne ɗalibi ya ji lacca ɗaya ya ɗauka ya zama lauya, ya je ya jefa mahaifinsa cikin rigima. Maganin wannan shi ne mai laccar ya faɗa wa masu sauraro inda iliminsu ya tsaya, ya kuma nuna musu ƙofar Hukumar Taimakon Shari'a, wadda aka kafa a 1976 don marasa ƙarfi.

Shawarata ga shugabannin makarantun sakandare na Kiru da Bebeji da Tudun Wada da Doguwa ita ce kada su jira a zo musu. Su rubuta wa Bagauda da Jami'ar Bayero takardar gayyata sau ɗaya kowane zango, su zaɓi batu guda, su gayyato iyaye da dagatai, su kuma ware rabin lokacin don tambayoyi. A fara da gona, a sa ranar bayan an gama girbi.