Idan Kwamfuta Ta Ce Faifai Yana Kan Aiki, Ƙarfi Ba Shi Ne Magani Ba

Tun ranar 14 ga Oktoba, 2025, da kamfanin Microsoft ya kawo ƙarshen tallafin da ya saba bai wa Windows 10, masu tsofaffin laftof suka shiga neman mafita, domin Windows 11 na buƙatar wani ɓangaren tsaro mai suna TPM 2.0 wanda da yawa daga cikinsu ba su da shi. A gari irin Illela, inda laftof ɗin hannu ta fi sauƙin saya ga ɗalibi da mai shagon buga takardu, dabara mai arha ita ce a saka Ubuntu ko Linux Mint a gefen Windows. A nan ne mutum zai haɗu da GRUB, manhajar da ke fara tashi idan an kunna kwamfuta, ta tambaya wanne za a shiga. A nan ne kuma yake cin karo da saƙon nan mai ban haushi: "target is busy".

Ma'anar saƙon ita ce an nemi kwamfuta ta saki wani sashe na faifan ajiya, ta ce ba za ta iya ba saboda akwai manhajar da ke amfani da shi. Wannan kariya ce ga bayanan mai kwamfuta, kuma duk mai gyaran da ya tsallake ta da ƙarfi yana caca da dukiyar wani.

Ga yadda abin ke faruwa. Idan an buga update-grub, umarnin yana kiran wata ƙaramar manhaja mai suna os-prober, wadda ke bin sassan faifai ɗaya bayan ɗaya. Takan ɗaura sashe na ɗan lokaci a /var/lib/os-prober/mount, ta leƙa ko akwai Windows a ciki, sannan ta sake shi. Idan wata manhaja ta shiga wurin a daidai lokacin, sakin ba zai yiwu ba. Sau da yawa an riga an rubuta sabon grub.cfg lafiya, don haka sake kunna kwamfuta da maimaita umarnin ya wadatar. Tun daga GRUB 2.06 na shekarar 2021 ma, os-prober a kashe take zuwa, sai an rubuta GRUB_DISABLE_OS_PROBER=false a cikin /etc/default/grub. Wanda ba shi da Windows a gefe ya bar ta a kashe, ya huta.

Haɗarin gaske yana wurin gyara da filashi. Mai gyara ya tayar da kwamfuta daga filashi, ya ɗaura faifan abokin ciniki a /mnt, ya haɗa masa /dev da /proc da /sys, ya shiga da chroot, ya gyara GRUB. Da ya zo sakin faifan, sai saƙon ya bayyana. Galibi laifin nasa ne, don tagar da yake buga umarni har yanzu tana zaune cikin wannan jakar. Ya buga exit, ya buga cd /, sannan umount -R /mnt, wanda ke sakin na ciki kafin na waje. Idan ta ƙi, fuser -vm /mnt zai nuna sunan manhajar da ta riƙe faifan da lambarta. A rufe ta, a buga sync don a gama rubuta abin da ya rage, a sake gwadawa. Duka aikin bai kai minti biyar ba.

Masu gaggawa kuwa hanya uku suke bi, kuma dukansu masu tsada ne. Wani ya danne maɓallin wuta, alhali Linux na riƙe wasu bayanai a RAM kafin ya rubuta su a faifai. Wani ya buga umount -l, saƙon ya ɓace, ya zare faifan. Bai san wannan umarni yana ɓoye faifan daga gani ne kawai, sakin gaske sai manhajar ta gama. Na uku ya fi muni: ya goge jakar /mnt da rm -rf yana zaton shara ce, alhali faifan mutane ne a ciki. Garin neman gira, an rasa ido. Hotunan biki, aikin kammala karatu da lissafin bashin ɗan kasuwa duk sun tafi, kuma wannan umarni ba shi da kwandon shara da za a koma a ɗauko.

Illela na da nata ƙarin dalilin taka tsantsan. Birnin Ƙonni na can tsallaken iyaka, kuma laftof da ta fito daga ɓangaren Nijar kan zo da allon rubutu na Faransanci, inda A da Q suka canza wuri, haka Z da W. Idan filashin gyara ya tashi da tsarin Ingilishi, abin da yatsa ya danna daban, abin da ya fito daban. A umarnin da harafi ɗaya ke bambanta /dev/sda da wani faifan, dole a karanta layi kafin a danna Enter. Ga kuma tsohon batir da ba ya riƙe caji: janareta ya tsaya ana tsakiyar rubutu, faifai ya lalace.

Mai gyara zai iya cewa ranar Lahadi, ranar kasuwa, mutane na layi, wani zai koma ƙauye kafin magariba, kuma ya sha zare faifai ba abin da ya faru. Gaskiya ne, idan ba a cikin rubutu, sau da yawa ba komai. Amma ba shi da hanyar sanin hakan da ido, kuma ranar da aka yi rashin sa'a, asarar ta mai kaya ce, sunan da zai ɓaci kuma na shagon. Umarnin umount -l yana da amfaninsa, idan za a kashe kwamfutar ta hanyar da ta dace nan take. Bai zama izinin zare faifai ba.

Darasin ya shafi waya ma, tunda Android a kan Linux aka gina shi. Shi ya sa akwai maɓallin cire memori da filashin OTG a cikin saiti. Wanda ya fizge memori ana tsakiyar tura bidiyo, bai kamata ya yi mamaki ba idan wayar ta ce sai an goge shi gaba ɗaya.

Mai kai laftof gyara yana da haƙƙin ya nemi abu biyu kafin a taɓa GRUB: a kwafe muhimman fayilolinsa zuwa wani wuri, a kuma kashe Fast Startup na Windows, wanda ke barin faifai kamar ba a gama rufe shi ba. Mai gyaran da ya ce ba shi da lokacin wannan, a ɗauki kaya a nufi shago na gaba.