Filin Sana'a: Kafin Ka Sayi Kwamfutar Haɗa Hotunan Fim

Wannan wata maganarmu da samarin Figil da Garwa ce, masu ɗaukar bidiyon biki da suna, waɗanda suke son su koyi haɗa hoto kan hoto irin na finafinan Kano da Indiya: a ɗauki mutum gaban koren ƙyalle, sannan a ɗora shi a bakin Binuwai.

To, ɗan'uwa, kafin ka miƙa kuɗinka ga mai kwamfutar gwanjo, ka fara sanin abin da manhajar take bukata. Araha ba ta ado.

Na farko, ƙwaƙwalwar aiki, wato RAM. Bidiyo mai faɗin 1920 da tsayin 1080, in manhaja ta buɗe shi don aiki, kowane hoto guda ya kai mega 6. Hotuna 25 ne a daƙiƙa, ke nan minti ɗaya tak ya haura giga 9, tun ba a ɗora hoto na biyu a kai ba. Shi ya sa After Effects yake neman giga 16 a ƙalla. DaVinci Resolve ma giga 16 ne, amma in za a yi aiki da sashensa na Fusion, masu shi sun ce 32. Blender, wanda kyauta ne, yakan tashi da giga 8.

Na biyu, katin hoto mai ƙwaƙwalwar kansa, giga 4 ko fiye. Yawancin kwamfutocin ofis ba su da shi, komai kyan jikinsu. Na uku, ma'ajiya ta zama SSD, domin tsohon faifai mai juyawa ba ya iya ciyar da manhajar da sauri. Ka kuma tambaya ko injin zai ɗauki Windows 11, tun da Microsoft ya janye tallafin Windows 10 a Oktoban 2025.

Saura abin da takardar kamfani ba ta faɗa ba. Wutarmu ta arewa ta dogara ƙwarai ga madatsar Lagdo, kuma in ruwa ya ja da rani akan ɗauke ta. Aikin dare guda yana iya salwanta nan take, don haka ka sa kuɗin akwatin riƙe wuta, wanda 'yan kasuwa ke kira onduleur, cikin lissafi tun farko. Zafin Maris da Afrilu yakan wuce digiri 40, ga ƙurar hunturu, ga ta siminti a Figil. Ƙura in ta toshe fanka, injin zai yi zafi, ya rage gudu ko ya mutu. Ka ɗaga shi daga ƙasa, ka riƙa hure shi kowane wata.

Shawararmu: ka je kasuwa da ɗan guntun bidiyonka, a gwada a gabanka kafin ciniki ya faɗa. Wanda ya ƙi gwaji, ka riƙe kuɗinka.

Sai wata mai zuwa, in Allah ya kai mu.