Dabba Ma Rai Gare Ta

'Yan'uwana mata, yau da ku nake. Tun da na fara aikin sa kai a gidan zoo na Audu Bako da ke Kano, ina zagayawa da yara ina kuma lura da lafiyar dabbobi, ba lokacin da nake fargaba irin bikin sallah.

Sai ki ga uwa ta caɓa ado, ɗanta na jifan biri, ita ko tana dariya. Wata ta cilla wa barewa gyaɗa har da ledarta. Haba baiwar Allah! Leda ba ta narkewa a tumbi, dunƙulewa take ta toshe shi, dabba ta daina ci, ta rame har ta mutu. Ragowar abincinki ma illa ce, don biri na ɗaukar mura da tarin fuka daga mutum.

Na yi magana, wata ta ce wai, "Ke da ko albashi babu, miye naki?" Nawa shi ne, ni ke zagaya kejin washegari, in ga wadda ta ƙi abinci ko ta raɓe gefe, in gaya wa likita.

Yaron da kika ƙyale ya jefi biri yau, gobe ƙaninsa zai jefa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.