Motar Kara da Motar Batir

A ƙaramar sallar da ta wuce na kai wa ɗan ƙanwata tsaraba a ƙauyenmu, can arewa da Dambatta. Mota ce ta roba, ja wur, mai batir, mai jiniya da fitila, na sayo ta a Sabon Gari da kuɗin da ya isa a auno hatsin kwanaki. Ranar farko yaron ya yi sarauta, yaran unguwa na biye da shi kamar hawan daba. Rana ta biyu aka fara gajiya da jiniyar. Rana ta uku batir ya mutu, kuma a gidan da ake lissafin kuɗin niƙa ba wanda zai tashi neman batirin abin wasa. Da safiyar rana ta huɗu sai na iske gawar motar a bayan rumbu, an fasa ta da dutse, an zare tayoyin.

Ƙanwata ta rasa inda za ta sa kanta. Ta ce, "Yaya, don Allah ka yi haƙuri, yaran nan ba su san darajar abu ba." Ban ce komai ba, amma raina ya sosu. Na fita neman masu laifin, na same su su biyar a gindin darbejiya, sun duƙufa har ba su ji tahowata ba.

Mota suke ƙerawa. Sun samo karan dawa, suna ɓare ɓawon da haƙori, suna yanka ɓargon cikin gunduwa-gunduwa, suna soka siraran ɓawon a jikinsa kamar ƙusa. Tayoyin motata biyu sun tafi gaba. Sauran biyun wani ya gudu da su gidansu, don haka na baya sai da aka yanko daga tsohon silifa. Nan matsala ta taso: taya ɗaya ta fi 'yar'uwarta girma, motar na tafiya a karkace, da an ja ta sai ta nufi kwata. Gardama ta kaure. Wani ya ce kara ne ya lanƙwashe, wani ya ce lodi ne ya yi yawa a gefe guda. Babbansu, wanda bai fi shekara tara ba, ya ɗauki tsinke ya gwada faɗin tayar farko, ya karya shi daidai wurin, ya aza a kan ta biyu, ya nuna musu rarar da za a datse. Ba wanda ya taɓa koya masa sunan abin da ya yi, amma awo ya yi, kuma ya kashe gardama da hujja.

Da motar ta miƙe sai wasan ya canza salo. Ta zama babbar motar da ke kai hatsi Dawanau. Aka naɗa direba da yaron mota da ɗan kamasho, aka ɗura ƙasa a ledar alawa aka ce buhuna ne, ganyen darbejiya ya zama kuɗi. Mafi ƙanƙanta a cikinsu, da ya ga ba a ba shi muƙami ba, ya gitta kara a hanya ya ce ba mai wucewa sai ya sauke masa ganye biyu. Wannan kam ba mu koya musu da baki ba, amma mu suka gani. Ana cewa abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Gaskiya ne. Sai dai akwai abin da babba ba zai gani ba sai ya tsuguna.

Abin da na gani a tsugunen shi ne, motar da na sayo ita take yin komai. Ita ke tafiya, ita ke kuka, ita ke haske, aikin yaro kawai ya danna ya zuba ido. Kara kuwa ba ya yin komai sai abin da aka sa shi. Yatsu su yi aiki, ido ya auna, baki ya yi musu, zuciya ta jure in abin ya rushe a sake daga farko. Wannan ne abin da masana tarbiyya ke nufi idan suna yabon kayan wasa na itace, ba wai akwai wata albarka ta musamman a jikin katako ba.

Turawa ma sun daɗe da gano haka. A Jamus, wani malami mai suna Friedrich Froebel ya buɗe wurin wasa da koyon ƙananan yara a garin Bad Blankenburg a 1837, wanda daga baya ya zama tushen makarantun rainon da muke gani yau. Manyan kayan koyarwarsa guntayen katako ne, ciki har da wani mai kusurwa huɗu da aka raba gida takwas, yaro ya wargaza ya sake haɗawa, ya gina gida ko kujera ko gada. Gwamnatin Prussia ta tsargu da abin har ta haramta irin waɗannan makarantu a 1851. Shahararren mai zanen gine-ginen nan na Amurka, Frank Lloyd Wright, har ya tsufa yana ambaton irin waɗannan katakai da mahaifiyarsa ta saya masa yana yaro. A 1907 kuma likita Maria Montessori ta buɗe gidan yara a San Lorenzo, unguwar talakawa a birnin Rum, ita ma da kayan katako. A lura, 'ya'yan talakawa ta fara da su. Yau sunanta ne a allon makarantun masu kuɗi a Abuja da Legas da Kano, iyaye na biyan kuɗi masu nauyi don a ba 'ya'yansu katako su jera, mu kuma a ƙauye muna jin kunyar baƙo ya ga ɗanmu da motar kara.

An ma gwada abin. A wani nazari da aka wallafa a 2015, wata mai bincike a jami'ar Arewacin Arizona, Anna Sosa, ta naɗi hirar iyaye 26 da jariransu a gida. Ta samu cewa idan abin wasan mai batir ne mai surutu, iyaye sun fi yin shiru, kalmomin da yaro ke ji sun ragu, in aka kwatanta da lokacin da ake wasa da kayan wasa marasa batir ko duba littafi. Binciken ƙarami ne, amma kowace uwa za ta gane shi: in abu na magana, kai sai ka yi shiru. Yaro kuwa daga bakin mutum yake ɗaukar harshe.

Mu da muka tashi da allo bai kamata a zo daga Turai a gaya mana amfanin itace a hannun yaro ba. Guntun aduwa ne masassaƙi ya fafe ya goge, sai tawada da alƙalamin da almajiri ke feƙewa da kansa. A rubuta, a wanke, a sake rubutawa, shekara da shekaru, ya faɗi ƙasa bai fashe ba. Masassaƙin da ke yin turmi da taɓarya da akushi, a da yakan fitar wa jikanyarsa ƙaramin turmi daga ragowar itacen, ta zauna kusa da uwarta tana dakan ƙasa. 'Yan mata na gina tukwanen laka su shanya, su gano da kansu cewa wadda aka yi wa kauri a gefe guda ita ke tsagewa. Suna yi wa 'yar tsana kitso da zane, su shirya mata biki da gara da kai amarya, kowace ta san matsayinta, uwar ango ce ko ƙawa. Carafke kuma, duk wanda yake ganin wasa ne kawai ya gwada cafe dutse a sama yana kwasar na ƙasa. Dara, mai gurbi talatin da 'ya'ya goma sha biyu-biyu, ba ta buƙatar komai sai ƙasa da tsinke da tsakuwa, amma mai yin ta sai ya hango motsi uku a gaba.

Masu ganin wasa ɓata lokaci ne sukan jingina da addini, alhali ya zo a ingantattun hadisai cewa Nana A'isha tana da 'yan tsana da take wasa da su tare da ƙawayenta a gidan Manzon Allah (SAW), bai hana ba. Abu Dawud ya ruwaito cewa har da doki mai fukafukai a cikinsu, kuma da ta ba shi bayaninsa dariya ya yi. Matan sahabbai ma sukan haɗa wa yara abin wasa da ulu don su shagala da shi ranar azumin Ashura. Su da hannunsu suke haɗawa.

To me ya kashe mana wannan? Da sauƙi a ɗora wa waya, kuma tana da nata kason. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 2019 cewa kada a zaunar da yaron da bai kai shekara biyu ba gaban allon waya ko talabijin, daga biyu zuwa huɗu kuma kada ya wuce awa ɗaya a rana. Amma a ƙauyukanmu waya ba ta kai ƙuncin fili ɓarna ba. Ƙasar nan da ta kewaye Kano, daga Ungogo da Minjibir zuwa Bichi da Dambatta, tun shekarun 1960 masanin ƙasa Michael Mortimore ya yi nazarinta saboda yawan jama'arta: gona na manne da gona, ana noma kowace shekara ba hutu, taki ne ke riƙe da ƙasar, kowace bishiya da mai ita. Tun daga lokacin an raba gado sau nawa? Dandalin da muka yi langa a cikinsa yanzu gidaje uku ne. Karan da muke ɗiba ba mai tambaya ya zama dukiya: abincin dabba ne, makamashi ne, danga ce, har sayar da shi ake yi dami-dami. Yarinyar da ya kamata ta zauna da tukwanen lakarta tana can da farantin talla tun hantsi.

Shi ya sa ba na saurin zagin baffan da ya zo ya tarar an zare masa kara daga danga ya tattake motar yara. Na san abin da ke cinsa. Amma ina da magana da shi. Baffa, kara biyar ba su ne za su hana akuya ƙiba ba. Abin da ka tattake aikin yini guda ne na mutum biyar, kuma darasin da suka ɗauka shi ne abin da suka yi da hannunsu ba shi da daraja, na kanti shi ne abu. Gobe in sun girma suna raina sana'ar gida, suna jiran komai ya zo a kwali daga waje, kada a ce ba a san inda suka koyo ba. In wasan ya hana su aike ko makaranta, a sa masa lokaci. Tsawa daban, tattakewa daban.

Ba kuma cewa nake duk abin da aka yi a gida lafiya ne ba. Ɓawon kara na yanka kamar reza. Motar langa-langa mai tsatsa na iya jawo ciwon da ya fi ƙarfin gida. Ƙananan tsakuwa da 'ya'yan goriba ba na mai rarrafe ba ne. Sai dai haɗarin na kanti ɓoyayye ne. A 2007 kamfanin Mattel, ɗaya daga cikin mafi girma a duniya, ya janye ɗimbin kayan wasa daga kasuwa saboda an sami dalma a fentinsu. Wannan fa kamfani ne da ake sa wa ido. Wa ke duba na tire da na baro a ranar kasuwa? Mu kuwa mun san dalma. A 2010 ta kashe ɗaruruwan yara a ƙauyukan Zamfara, ko da yake ta hanyar dakan dutsen zinare ne. Ga kuma ƙaramin batirin nan mai kama da maɓalli, wanda in yaro ya haɗiye yana iya ƙona masa maƙogwaro cikin 'yan awoyi.

Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta sanya kula da ƙananan yara cikin ilimin tushe, kuma firamare da dama a karkara suna da ajin 'yan ƙanana. Leƙa ka gani: yara a ƙasa, hannu a harɗe, suna maimaita abin da malama ta faɗa har a tashi. In an yi maganar kayan wasa sai a ce ba kuɗi, domin tunani ya tafi kan kwangila. Alhali kowane kafinta a bakin kasuwar Dambatta ko Bichi yana da tarin guntayen katako da ake kwasa a hura wuta. A yanka su daidai-wa-daida, a goge da samfefa, kada a shafa fenti, a zuba a buhu: an gama. Ba sai an sare ko reshe ɗaya ba, don wanda ya ce a sare gawo ko ɗorawa saboda abin wasa a wannan yanki bai san yankin ba. Kwalejin Ilimi ta Tarayya da ke Bichi malaman sana'a take horarwa. Ɗalibanta za su iya yin wannan a matsayin aikin gwaji, ƙungiyar iyaye da malamai ta raba wa azuzuwa. Wahalar ba ta katako ba ce, ta malamar da za ta yarda aji ya yi hayaniya na rabin awa ba ta ɗauki bulala ba.

Ranar da zan koma birni, ɗan ƙanwar tawa ya rako ni bakin titi yana jan motarsu da zare. An ƙara mata rumfa da tsani, an liƙa mata jar ƙofar motata a gefe. Na tambaye shi abin da zan kawo masa in na dawo. Ya yi shiru yana sosa ƙeya, sannan ya ce, "Kawu, irin waccan dai. Amma ka duba mai manyan tayoyi."