Ra'ayi: Kafin a shimfiɗa bututun gas, a tambayi talaka

A watan Fabrairun 2025 Nijar da Najeriya da Aljeriya sun sake sa hannu kan batun bututun iskar gas mai tsawon fiye da kilomita 4,000, wanda zai ratsa ƙasarmu ya kai gas kasuwar Turai. Ana ta zancen ribar da za a samu. Amma nawa Nijar za ta karɓa a matsayin haraji da kuɗin wucewa, kuma wa zai yanke wannan shawara?

Mutanen Tahoua sun san wannan labari. Bututun ɗanyen mai na Agadem ya bi ta kudancin jiharmu zuwa Benin, tun 2024 ake lodin jiragen ruwa. A arewacin Adar kuwa, uwa tana nan tana hura icce, samari na nan suna kama hanyar Abidjan da Libiya. Gobe gawayin Salkadamna ne za a haƙa.

Mu dubi Bolibiya. A ranar 18 ga Yulin 2004 an kira jama'a zaɓen raba-gardama kan gas, har da tambayar ko a ɗaga haraji ya kai kashi 50 cikin ɗari. Suka amince. Dokar 2005 ta ƙara harajin kashi 32 a kan kashi 18 da ake biya, aka ba jihohi da ƙananan hukumomi da jami'o'i rabonsu.

Wasu za su ce ƙuri'a ba magani ba ce. Gaskiya ne, shugaba Carlos Mesa da ya shirya zaɓen sai da ya yi murabus a 2005, mu ma ba mu manta da zaɓen tazarce na 2009 ba. To amma ƙuri'a ce ta ba mu kundin tsarin mulkin 2010, wanda ya ce arzikin ƙarƙashin ƙasa na al'umma ne, ya kuma wajabta wallafa yarjejeniyoyi. An dakatar da kundin tun Yulin 2023.

Tunda hukumomi na cewa arzikinmu ya dawo hannunmu, sai su nuna a aikace: a wallafa yarjejeniyar gas, a fassara ta da Hausa da Tamajak da Fulatanci da sauran harsunanmu, a kai batun kason jihohi akwatin zaɓe. 'Yan ci-rani ma a ba su ƙuri'a, don kuɗin da suke aikowa ne ke riƙe da gidaje da yawa a Adar.