Yaron da ba ya iya faɗin abin da aka yi masa

A Nuwamban 2021 Gwamna Aminu Waziri Tambuwal ya sa hannu a Dokar Kare Yara da dokar hana cin zarafin jama'a ta Jihar Sakkwato. Mun yaba a lokacin. Sai dai dokokin suna jiran wanda aka cuta ya kai ƙara, alhali yarinya kurma, ko yaro mai lalurar ƙwaƙwalwa, su ne waɗanda mai fyaɗe ke zaɓa don ya tabbata bakinsu ba zai tona shi ba.

A ƙananan hukumomin Wurno da Rabah da Goronyo lamarin ya fi tsanani. Tun harin Tabanni na 2018, da ya kora jama'a zuwa Gandi, 'yan bindiga ke tarwatsa ƙauyuka. Iyali na kwana a ajin makaranta ko kangon da ba ƙofa. Uwa ta fita neman abin sawa a tukunya, ta bar makauniyar 'yarta hannun maƙwabci. Wani yaron kuma an tura shi bara. Galibi mai ɓarnar ba baƙo ba ne. Idan abin ya fito, sai manya su zauna, a ce a rufa asiri, a karɓi kuɗin magani. Wannan sulhu zalunci ne, kuma mai unguwar da ya jagorance shi ya ba mugu damar komawa.

Cibiyar Nana Khadija da ke Asibitin Ƙwararru na Sakkwato tana kula da waɗanda aka yi wa fyaɗe, amma tana birni. Maganin kariya daga ƙanjamau kuwa cikin awa 72 ake fara shi. Wa zai biya wa ɗan gudun hijira kuɗin mota daga Goronyo, a hanyar da kowa ke tsoro?

Dokar Shaida ta 2011 ta yarda wanda ba ya magana ya ba da shaida da alama ko a rubuce a gaban kotu. Abin da ya rage shi ne tafinta. Makarantar masu buƙata ta musamman ta A.A. Raji tana da malaman da suka iya maganar hannu. Muna kira ga gwamnatin Ahmed Aliyu ta ɗauki irinsu, mata a cikinsu, ta ajiye a ofisoshin 'yan sanda da kotunan ƙananan hukumomin nan uku, ta kuma buɗe sashen kula da waɗanda aka yi wa fyaɗe, kyauta, a babban asibitin kowacce. Hakimai su sanar da masu unguwanni cewa duk wanda ya kashe irin wannan magana a zaure zai rasa rawaninsa.