"Minti biyu kawai": Yadda ajiye mota barkatai ke tauye haƙƙin jama'a

Duk wanda gidansa ke kusa da masallacin Juma'a, gidan biki ko kasuwa a Kano ya san wannan takaici. Magidanci zai buɗe ƙofar gida da gaggawa zai fito da mota, sai ya tarar wata motar ta tare ƙofar, a kulle, babu direba babu dalilinsa. A tambayi mai shago, a tambayi mai shayi, kowa ya ce bai lura ba. Idan matarsa ce ke naƙuda, ko yaro ne zazzaɓi ya kayar, sai dai a tallabo mara lafiya zuwa bakin titi a tari Adaidaita Sahu.

Bayan rabin awa mai motar zai ɓullo yana kaɗa makulli. "Haba Alhaji, ai minti biyu kawai na yi," in ji shi. Wani ma ko wannan ba zai faɗa ba. Zai shige mota, ya ɗaga gilas, ya ja abarsa kamar shi aka yi wa laifi.

Wannan "minti biyu" ita ce tushen matsalar. Mai faɗarta yana auna lokacin da agogonsa ne, yana mantawa cewa wanda ya tare wa hanya na da tasa buƙatar. Titi na kowa ne, ƙofar gida kuma ta mai gida ce. Wanda ya toshe ɗaya daga cikinsu ya ci haƙƙin wani, ko da sayen kati ya tsaya yi.

Abin bai tsaya a ƙofar gidaje ba. A kewayen Kantin Kwari da Kasuwar Sabon Gari da Singa, titin da aka yi don motoci su bi layi biyu yakan koma layi ɗaya, saboda wani ya ajiye mota a gefe, wani ya zo ya jera tasa kusa da ita, mai ɗaukar kaya kuma ya tsaya a bayansu yana sauke dila. A ƙofar makarantu da safe, iyaye kan tsaya a tsakiyar titi su sauke yara, su tsaya gaisawa, alhali layin motoci ya miƙe a bayansu. A wajen ɗaurin aure kuwa, wanda ya zo a makare shi ke rufe waɗanda suka riga shi, sannan shi ne na ƙarshen fitowa domin sai ya yi hoto da ango.

Haɗarin ya wuce ɓata lokaci. Kanawa ba su manta da gobarar da ta cinye dubban shaguna a Kasuwar Sabon Gari a 2016 ba. Motar 'yan kwana-kwana babba ce, ba ta iya kutsawa ta lungun da aka cushe da motoci hagu da dama, haka ma motar ɗaukar marasa lafiya. A irin wannan rana, mota ɗaya da aka ajiye a kan kwana ta isa ta jawo asarar dukiya ko ta rai.

Akwai abin dubawa a sunan Adaidaita Sahu kansa. Kalmar ta samo asali ne daga masallaci, inda liman kan umarci mamu su daidaita sahu kafin a tayar da sallah. Gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau ta ara ta sanya wa shirinta na gyaran ɗabi'u, daga nan sunan ya bi babura masu ƙafa uku. Abin mamaki shi ne mutumin da zai tsaya a sahu kafaɗa da kafaɗa, ya matsa wa ɗan'uwansa ya samu wuri, shi ne ya bar motarsa a karkace a ƙofar maƙwabcin masallacin. Alhali addinin da ya kawo shi wurin ya koyar cewa hanya na da haƙƙi, kuma kawar da abin cutarwa daga kanta sadaka ce.

Direbobi na da tasu hujjar, kuma ba za a yi watsi da ita ba. Tambayarsu ita ce: a ina za a ajiye? Manyan shaguna da wuraren biki da asibitoci masu zaman kansu da yawa an gina su ne har bakin kwata, ba a bar filin mota ko biyar ba. Garejin gidaje da dama sun koma shaguna. Tun da aka hana acaɓa a Kano a 2013, 'yan Adaidaita Sahu suka ƙaru sosai, amma wuraren da aka ware musu na ɗauka da sauke fasinja ba su kai yawansu ba. Wannan nauyi ne a wuyan hukumar tsara birane ta KNUPDA: bai kamata a amince da ginin da zai tara ɗaruruwan mutane ba tare da wurin ajiye motoci ba.

Haka ma masu tilasta bin doka. Hukumar kiyaye haɗura ta ƙasa, FRSC, tana aiki tun 1988, Kano na da KAROTA, Kaduna na da KASTLEA. Amma tara ba ta gyara hali sai idan ta hau kan kowa. Muddin ɗan Adaidaita na ganin shi ake kamawa, mai baƙin gilas kuma a sara masa ya wuce, to zai ɗauki doka a matsayin rashin sa'a kawai.

Duk da haka, rashin fili bai zama lasisin rufe ƙofar wani ba. Laifi tudu ne, in ji Bahaushe, ka taka naka ka hango na wani. Direban da ke zagin ɗan Adaidaita don ya tsaya ba sigina, sau da yawa shi ne zai je gaba kaɗan ya yi fakin a kan kwana. Kuma babu jami'in da zai iya tsayawa a kowane lungu na Fagge ko Kurna yana gadin ƙofofin mutane.

Gyaran ba ya buƙatar kasafin kuɗi. Wanda bai samu wuri kusa ba ya ƙara gaba ya dawo da ƙafa, tafiyar minti biyar ba ta kashe kowa. Wanda dole ta sa ya rufe wani, ya rubuta lambar wayarsa ya ajiye a jikin gilas, ko ya yi sallama da mai gidan: "Baba, don Allah zan ɗan ajiye a nan, in za a fita a kira ni." Da wuya a samu dattijon da zai ƙi. Masu biki su sa matasa biyu ko uku su tsara motocin baƙi kafin taro ya cika, kamar yadda 'yan agaji ke yi a wasu masallatan Juma'a. Limamai kuma su riƙa tunatarwa a huɗuba, domin maganarsu na shiga inda takardar tara ba ta kai.

Sai kuma ƙananan abubuwan da suka fara ɓacewa a titi: ɗaga hannu a ce an gode, ba wa mai fitowa daga lungu hanya, rage hon a kusa da asibiti, da cewa "yi haƙuri" idan an yi kuskure. Faɗa da yawa da ke kai mutane ofishin 'yan sanda, da waɗannan kalmomi biyu za a kashe su tun a wurin.

Wanda ya tare ƙofar wani yau, shi ma yana da ƙofa, yana da iyali, kuma bai san ranar da zai buƙaci fita da gaggawa ba.